Ciwon Daji, Akwatin Sanyi da Shirun Malamai

Duk wanda ya taɓa zama a mararrabar Takieta da hantsi, inda hanyar Matamai da Kano ta rabu da babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Yamai, ya san irin matafiyar da nake nufi. Mace ce wadda ba ta wuce shekara arba'in ba, an ba ta gefen taga, mijinta ko ƙanenta na rungume da ambulan cike da takardun asibiti. An sayar da tumaki, wataƙila har an jinginar da gona, kuma akwai fiye da kilomita 800 a gabanta. In ka tambayi abin da ke damunta, sai a sassauta murya a ce maka daji ne. Daga nan kowa ya yi shiru, kamar an riga an yi jana'iza.

Wannan shirun shi ne dalilin rubutuna, kuma da ku nake, ƴan'uwana malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu. Ra'ayina a taƙaice shi ne: ilimin sarrafa ƙwayoyin halitta, wanda ya sauya yadda duniya ke yaƙi da ciwon daji, ya daɗe da isowa ƙasar Damagaram. Yana zuwa cikin akwatin sanyi a bayan babur ɗin ma'aikacin lafiya. Mu da muka yi karatu mun bar shi ba mai fassara shi, muka bar fili ga masu jita-jita, sa'annan muna zuwa taro muna yaba abubuwan al'ajabi na Amurka da harshen da uwayenmu ba su ji.

Bari in fara da abubuwan al'ajabin, don kada a ce na raina su. A 1975, a Kambirij ta Ingila, Georges Köhler da César Milstein suka gano hanyar samar da sojan jini iri guda tak a ɗakin gwaji, wanda ke neman alama guda a jikin ƙwayar cuta ko ƙwayar daji ya manne mata. Daga wannan tushe aka samu Herceptin a 1998, maganin wani nau'in sankarar mama mai saurin yaɗuwa. A 2001 aka amince da imatinib, ƙwayar haɗiya da ta mayar da wani nau'in dajin jini ciwon da mutum ke rayuwa da shi shekaru masu yawa. A 2003 aka kammala babban aikin karanta littafin gadon ɗan Adam, wato jerin umurnin da ke rubuce cikin kowace ƙwayar jikinmu. A 2017 Amurka ta amince da Kymriah, inda ake ɗibar sojojin jinin majinyaci, a sauya musu umurni, a mayar da su jikinsa su farauci dajin. A 2018 James Allison da Tasuku Honjo suka samu kyautar Nobel saboda sun gano yadda ake cire takunkumin da daji ke ɗaura wa garkuwar jiki. Duk wannan gaskiya ne, kuma abin jinjina ne. Amma kuɗin Kymriah ranar da ya fito dalar Amurka 475,000 ne ga mutum guda, wato fiye da miliyan 250 na sefa. Wanda ya tsaya gaban manoman Garagumsa yana ba su wannan labari a matsayin albishir, kallon hadarin nesa yake sa su yi, alhali rijiya na bayan gidansu.

Rijiyar kuwa ita ce wannan: kaso mai yawa na dajin da ke kashe mutanenmu ƙwayoyin cuta ne ke haddasa shi, ko guba da ke cikin abinci, kuma dukkansu ana iya tare su tun kafin su yi ɓarna. Afirka ma ce ta fara koya wa duniya wannan darasi. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wani daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Uganda, kuma a 1964 aka ga ƙwayar cuta cikin tsokar wannan ciwo, karo na farko da aka danganta irin wannan ƙwaya da daji a jikin mutum.

Mu ɗauki hanta. Ciwon hanta nau'in B ya yi katutu a Afirka ta Yamma fiye da yawancin sassan duniya. Yana bin jini, yana wucewa daga uwa zuwa jariri lokacin haihuwa, yana yawo tsakanin ƙananan yara, yana kuma iya bin askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tsabtace ba. Babban mutum in ya kamu, galibi jikinsa na kore cutar. Jariri kuwa in ya kamu wajen haihuwa, tara cikin goma suna riƙe ta har abada. Tana zaune shiru shekara ashirin ko talatin tana cin hanta, har wata rana magidanci mai ƙarfi ya wayi gari ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, a ce shawara ce ko sammu. A 1986 aka fitar da allurar rigakafin wannan cuta ta sabuwar hanya: aka ɗauki umurnin da ke ƙera ɓawon ƙwayar cutar, aka dasa shi cikin yis, irin dangin wanda mai gashin burodi ke kwaɓa fulawa da shi, yis ɗin ya riƙa ƙera ɓawon zalla. Ɓawo ba ya sa cuta, amma jiki in ya gan shi sai ya haddace kamanninsa, ranar da ƙwayar gaske ta zo ya gane ta. Ita ce allurar rigakafi ta farko da aka yi wa ɗan Adam ta wannan hanya. Taiwan ta fara yi wa jarirai rigakafin hanta a 1984, kuma binciken da aka buga a 1997 ya nuna dajin hanta tsakanin yaranta ya ragu da kusan rabi. Gambiya ta fara a 1986. A Nijar, tun 2008 wannan rigakafi na cikin allurar nan mai haɗe da kariya biyar da ake yi wa jarirai daga mako na shida. To ina tambaya, malamai nawa ne cikinmu suka taɓa faɗa wa uwayen yara cewa allurar da ake yi a cinyar jariri rigakafin daji ce? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙara wata allurar cikin awa 24 na farko bayan haihuwa, domin mako shida ya yi nisa ga jaririn da uwarsa ke ɗauke da cutar. A ƙasar da mata da yawa ke haihuwa a gida, wannan magana ce da ta shafi ungozoma da kaka da liman da wanzami, kuma ba za su ji ta ba sai mun kai musu.

Abokiyar tafiyar ciwon hanta tana cikin rumbunmu. Kudancin Damagaram ƙasar gyaɗa ce tun zamanin da kamfanin SONARA ke auna ta buhu-buhu, injinan matsar mai na aiki a Matamai da Magarya. A 1960 talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Bincike ya gano wata guba, aflatoksin, wadda fumfuna ke zubawa cikin gyaɗa da masara in fari ya galabaitar da shuka ko aka adana amfani da danshi. Suya ba ta kashe ta, kuma in an matse mai, mafi yawanta cikin tunkuza take zama. A 1991 masu bincike suka gano ainihin inda take sara: wuri guda cikin umurnin gado mai suna p53, wanda aikinsa shi ne tsayar da ƙwayar jiki in ta fara hayayyafa ba ƙa'ida. Ga wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ƙarfin wannan guba wajen jawo daji ya ninka kusan sau talatin. Yanzu ku duba al'adarmu: mai kyau ake tsincewa a kai kasuwa, ƙanƙararriya da mai baƙi-baƙi a bar wa gida, a yi ƙuli-ƙuli da miya, yara su ci. Ba mugunta ke sa uwa yin haka ba, tattali ne da rashin sani. Maganin ma ya fito daga makwabta: cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, ƙwayar dawa da aka lulluɓe da fumfuna marar guba, ana watsa ta a gona mako biyu zuwa uku kafin fure, marar gubar ta mamaye wurin ta hana mai gubar zama. An yi mata rajista a Najeriya a 2014. Kafin irin wannan ta wadata a kasuwanninmu, busar da gyaɗa sosai a kan tabarma ko tampol, ɗaga buhu daga ƙasa, da zubar da ruɓaɓɓiya, darasi ne na minti goma da kowane malamin firamare zai iya bayarwa.

Sai babbar magana, wadda ake jin nauyin faɗinta: sankarar bakin mahaifa. A 2022 mata kimanin 660,000 suka kamu da ita a duniya, kimanin 350,000 suka mutu, mafi yawansu a ƙasashe matalauta. Bajamushe Harald zur Hausen ya nuna a 1983 da 1984 cewa wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce sanadi, nau'i na 16 da na 18 kaɗai ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari. Ƙwayar na bin saduwa, kuma tana da yawa ƙwarai, har mafi yawan manya suna gamuwa da ita a rayuwarsu ba tare da sun sani ba. Matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa, don haka wanda ya mayar da wannan ciwo shaidar lalata ya zalunci uwaye na gari. A 1991, a Ostareliya, Ian Frazer da Jian Zhou suka ƙera ɓawon ƙwayar wanda ba komai cikinsa, kamar kwasfar gyaɗa da aka cire ƙwayarta, kuma a 2006 allurar ta fito. Binciken Ingila na 2021 ya nuna ƴan matan da aka yi wa ita suna shekara 12 zuwa 13 sun samu raguwar wannan daji da kashi 87 cikin ɗari. Ruwanda ta fara yi wa ƴan matanta a 2011. Nijar na cikin ƙasashe takwas da ƙawancen Gavi ya zaɓa a 2013 domin gwada hanyar isar da ita. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince allura guda tana wadatarwa ga yarinya, kuma a Oktoba 2023 Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yau da kullum. Shekarun da ake nema su ne 9 zuwa 14. Ku dubi ajinku, ya malamai. Su ne ke zaune a gabanku kowace safiya.

Na san abin da za a ce mini, domin na ji shi daga bakin wani abokin aiki a ɗakin malamai, mutum mai hankali da nake girmamawa. Ya ce allurar da aka keɓe wa ƴan mata kaɗai, kuma kyauta, dabara ce ta hana haihuwa. Ban yi masa dariya ba, kuma ba na son kowa ya yi, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin gwajin da ya shafi yara kimanin 200. Yara 11 suka mutu, iyalai suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na gaske ne, kuma duk mai kare kimiyya da ya ɓoye shi maƙaryaci ne. Sai dai mu tuna abin da tsoron ya haifar. Da Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna daga 2003 zuwa 2004, cutar ta tsallaka iyaka ta shiga ƙasashe kusan ashirin, har da tamu, kuma ƴaƴan talakawa ne suka gurgunce. Mu tuna kuma da MenAfriVac, allurar sanƙarau da aka ƙera a Indiya musamman domin yankinmu a kan ƙasa da rabin dala, wadda Nijar ta fara a 2010, kuma bayanta nau'in sanƙarau na A da ke yi mana ɗauki ɗaiɗai kowane rani ya kusan ɓacewa. Darasin Kano shi ne a sa ido, a nemi bayani, a tilasta neman yardar uwaye. Ƙin rigakafi baki ɗaya hukunta ƴaƴanmu ne a kan laifin wani.

Game da haihuwa kuwa, hujja a fili take. An shafe shekaru da dama ana yi wa yaran Nijar rigakafi iri-iri, amma ƙididdigar lafiya ta 2012 ta nuna matsakaicin haihuwar mace guda ya kai 7.6, wanda ya fi na kowace ƙasa a lokacin. Kwamitin Hukumar Lafiya ta Duniya mai duba lafiyar alluran rigakafi ya sake nazarin allurar HPV a 2017, bayan an rarraba fiye da miliyan 270, bai sami alaƙa tsakaninta da rashin haihuwa ba. An fara da ƴan mata ne domin su ke da mahaifa, kuma ƙasashe irin su Ostareliya da Ingila suna yi wa ƴan maza ma. Abin da ke raba mace da haihuwa tabbas shi ne dajin kansa, domin in ya yi nisa sai an cire mahaifar ko an ƙone ta da haske, in ma an ci sa'a ran ya tsira.

Akwai wata magana da ta fi jita-jitar allura daɗewa, wato cewa daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura ko wuƙar likita sai ya fusata ya watsu. Mutanenmu ba wawaye ba ne, abin da suka gani suka faɗa: an kai wance asibiti, an yi mata aiki, ba ta yi wata uku ba. Abin da ba su gani ba shi ne shekara biyu da ƙullutun ya yi yana girma ana shafa masa magani a gida, har ya riga ya kai huhu da ƙashi kafin likita ya gan shi. Jinkiri ne ya kashe ta, aka ɗora wa ƙarfe laifi, ta bayanta ta ji tsoro ta ƙara jinkiri. Wannan zagaye ba likita zai karya shi ba, domin likita ba ya ganin mace sai ta zo. Wanda zai karya shi shi ne mai magana da mutane tun suna lafiya.

Ba na wanke hukuma. Ƙasar da ke haƙar uraniyom a Arlit tun 1971 ba ta samu cibiyar gashin daji da haske ba sai a Maris 2021, lokacin da aka buɗe ta Yamai da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Shekara hamsin ke nan ƙasarmu na haskaka biranen wasu, marasa lafiyarmu masu hali na fita waje, marasa hali na komawa gida. A 2007 gwamnati ta yi dokar kula da dajin mata kyauta, abin yabo ne, amma dokar ba ta biyan kuɗin mota daga Takieta, ba ta ciyar da mai jinya wata biyu a Yamai. Haƙƙinmu ne mu nemi a kusanto da gwaji. Duban bakin mahaifa da ruwan tsami aiki ne da ƙwararriyar ungozoma ke iya yi a ƙaramin asibiti. Na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita a asibitocinmu tana iya gano HPV in an sayo mata kayan aikin. Herceptin na amfani ne kawai ga mace kusan ɗaya cikin biyar masu sankarar mama, kuma ba a sanin wace ce sai an gwada tsokar, don haka ɗakin gwajin tsoka mai ƙarfi a Damagaram, wanda zai ba da sakamako cikin kwanaki, ya fi kowace sanarwa muhimmanci. Tsadar magani ma ba ƙaddara ba ce: a 2013 kotun ƙolin Indiya ta ƙi bai wa kamfanin Novartis mallakar sabon samfurin imatinib, aka ci gaba da ƙera mai araha, kuma a Disamba 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tantance kwafin farko na maganin da ke cikin Herceptin, mai rangwamen kusan kashi 65 cikin ɗari. Manufar da duniya ta sa hannu a kai a 2020 ita ce kafin 2030 a yi wa kashi 90 na ƴan mata allura, a duba kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwo magani. Da wannan ma'auni za mu auna duk wanda ke riƙe da ragamar lafiya.

Amma ba za mu nemi haƙƙi da bakin da bai san sunan abin da yake nema ba, kuma nan ne laifinmu ya fi girma. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To ina littafin ajin ƙarshe na firamare da ya bayyana ƙwayar halitta da garkuwar jiki da Hausar da yaro zai koma gida ya maimaita wa kakarsa? Kalmar daji ita kanta ta haɗa gyambo da ƙurji da sankara wuri guda, har mai ƙaramin ciwo ya firgita, mai babban ciwo ya yi sakaci. Daidaita waɗannan kalmomi aikin ƙungiyoyinmu ne tare da malaman sashen lafiya na Jami'ar André Salifou. Garin da ya yi suna da wasan kwaikwayo, wanda ƴan wasansa suka daɗe suna sa ƙasa dariya da tunani ta rediyo, bai kamata ya rasa wasa guda a kan matar da ta ɓoye ƙullutu don kunya ba.

Marubucin da jami'armu ke ɗauke da sunansa ya rubuta wasa a kan Sarki Tanimun, wanda a ƙarni na 19 ya ga amfanin igwa, ya sa maƙeran Damagaram suka koyi zubinta a gida. Muna alfahari da wannan tarihi a kowane biki. Gadonsa na gaske shi ne a ɗauki ilimin da ya zo daga nesa, a fahimce shi, a mayar da shi na gida. Saboda haka ga abin da nake roƙo kafin ƙarshen wannan shekarar karatu. Kowane shugaban makaranta ya gayyaci ma'aikacin lafiya na yankinsa zuwa taron uwayen yara, a yi bayani da Hausa, a bar mutane su yi tambaya komai ɗacinta. Kowace malama ta je a duba ta da kanta kafin ta shawarci wata. Kowace ƙungiya ta zauna da wanzamai a kan aska guda ga mutum guda, da mata masu ƙuli-ƙuli a kan tsince gyaɗa. Kowane uba ya buɗe katin rigakafin ɗansa ya ƙirga. In kunne ya ji, jiki ya tsira, kuma yarinyar da ke share allo a ajinka yau ba dole ba ne ta zama matar gefen taga a mararrabar Takieta nan da shekara talatin.